Jinin da aka ɗiba a Madawa, na wa ne?

Duk shekara idan zafi ya kama, sanƙarau ya leƙo, asibitocin Madawa da Buza da Keita kan ɗebi ruwan ƙashin bayan yaran da ake zargin sun kamu, a aika cibiyar CERMES da ke Yamai don a gane irin ƙwayar cutar. Ba ni da ja da wannan aiki, domin da shi ake sanin rigakafin da za a kawo. Abin da ke damuna shi ne ragowar. Bayan an gama gwaji, wa ke da iko da abin da ya saura a kwalba? Uwar da ta riƙe ɗanta aka soka masa allura ta yarda ne a nemo masa magani. Wani bincike na shekaru masu zuwa, wataƙila ma a wata ƙasa, bai shiga maganar da aka yi da ita ba.

Kotunan Amurka sun daɗe da ba da tasu amsar. A 1990 kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta ce John Moore ba shi da haƙƙin mallaka a kan ƙwayoyin saifarsa da likitoci suka cire suka yi kasuwanci da su. Ƙabilar Havasupai kuwa ta ba da jini don binciken ciwon suga, aka juya shi zuwa binciken taɓin hankali da asalin kakanninsu. Sai a 2010 jami'ar jihar Arizona ta biya su dala 700,000 ta kuma mayar musu da jininsu.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. A Kano, a 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu. Da aka zo biyan diyya bayan sulhun 2009, sai aka ce iyalai su sake ba da samfurin jikinsu don gwajin DNA kafin a yarda da su.

Ni dai a ganina, mai jini ne mai iko da shi, asibiti ajiya aka ba ta. A karanta wa iyaye takardar yarda da Hausa, da baki, tunda dayawa ba sa karanta Faransanci, a gaya musu inda za a kai samfurin da tsawon lokacin da za a ajiye shi. Wanda ya ce a zubar da nasa bayan gwaji, a zubar, kuma kada a rage wa ɗansa ko ƙwayar magani ɗaya saboda ya faɗi haka.