Zuwa Ga Gwamna Umar Namadi: Ruwan Da 'Ya'yanmu Ke Sha A Makaranta

Mai Girma Gwamna,

 'Yata tana ɗakin kwanan ɗalibai a wata makaranta da ke wannan yanki namu. A daminar da ta wuce ta kira ni da tsakar dare, ta ce abokiyar ɗakinta na amai da gudawa tun magariba, asibitin makaranta kuma an garƙame shi da kwaɗo. Ɗaliban ne suka haɗa mata ruwan gishiri da sukari, da ruwan da ba wanda ya san inda ɗan garuwa ya ɗebo shi. Allah ya tsare, yarinyar ta tashi. Ni kam har yau idan waya ta yi ƙara da dare sai gabana ya faɗi.

Kai ɗan Kafin Hausa ne, ba sai an karanta maka halin kogin Haɗejiya ba. Idan ruwa ya taho daga Tiga da Challawa, ya tarar kachalla ta toshe masa hanya, sai ya kwarara cikin gari, ya cika masai, ya gangara rijiya, ya haɗe su. Kwalara ke nan. A 2021, kana kujerar Mataimakin Gwamna, ta kwantar da mutum sama da dubu 100 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Shekara ta zagayo, a 2022 ambaliya ta kori jama'a daga gidajensu, makarantu suka zama mafaka. Da ruwa ya janye aka share azuzuwa, ɗalibai suka dawo. Wa ya yashe rijiyoyin? Wa ya zuba musu kulorin? Wa ya kwashe masan da suka cika?

An ga aikin jinga, an ga ana fama da kachalla, ba mai hana ka yabo a nan. To amma jinga ba ta shiga ɗakin kwanan ɗalibai. Can ciki famfo ɗaya ne, idan ba wuta ba ruwa, idan ba ruwa sai kura da jarkoki. Ɗiyar mai hali ta sayi ruwan leda, ɗiyar manomin da ruwa ya cinye masa shinkafa ta sha abin da ta samu. Ruwan sha nake magana, Mai Girma. Kwalara ba ta jiran a kafa kwamiti: tana iya tsotse ruwan jikin mutum ta kashe shi cikin 'yan sa'o'i. Burtsatse mai aiki da hasken rana, tanki mai murfi, kulorin, sabulu a bakin banɗaki. Nawa ne wannan, in aka auna shi da kuɗin bikin buɗe gini guda?

Sauran matsalolin kuwa ka san su. Sanƙarau ya addabi Jigawa a 2023, kuma tana cikin jihohin da aka fara yi wa sabuwar allurar rigakafinsa a 2024, amma cunkoson ɗakin kwana a lokacin zafi yana nan. A samar da ɗakin keɓe mara lafiya, da ma'aikacin jinya mai kwana a makaranta, da motar asibiti mai mai a cikinta.

Na dawo kan ruwa. Roƙona shi ne ka zo da kanka, ba jiniya, ba sanarwa, domin in an san kana tafe za a cika tankuna tun da asuba. Ka zaga jami'ar da ke garinku, ka shigo kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman a nan Haɗejiya, ka leƙa makarantun sakandaren kwana na wannan yanki. Duk inda ka shiga ka ce a ɗebo maka ruwa daga inda ɗalibai ke ɗiba. Wanda ka ga ba za ka iya kai wa baki ba, kada 'ya'yanmu su sake sha.

Mu iyaye amana muka ba ku. Ranar da aka kawo wa wani daga cikinmu gawa a bayan a-kori-kura, ba za mu karɓi tawagar ta'aziyya da buhun shinkafa ba. Damina na tafe, ranka ya daɗe, kuma 'yata za ta koma makaranta.

Wassalam.
Wani uba daga Haɗejiya