GANI YA KORI JI: Abin da Jagoranmu Bai Faɗa ba a Birnin Hue

Yau filinmu ya sauka a Hue, tsohon birnin sarautar ƙasar Biyetnam, inda na shiga ayarin baƙi muka yini muna bin wani jagora mai daɗin baki.

A bakin ganuwa muka soma. Sarki Gia Long, wanda ya kafa daular Nguyen a 1802, shi ya sa aka gina ta a gefen kogin da suke kira Kogin Turare, kewayenta ya kai kilomita 10. Sarakuna 13 suka yi mulki a wannan gida. A kan ƙofar Ngo Mon, ranar 30 ga Agusta 1945, na ƙarshensu, Bao Dai, ya miƙa takobi da hatimin sarauta ga wakilan Ho Chi Minh, ya koma talaka kamar kowa.

Muna kutsawa ciki sai ga fegi ciyawa ta rufe, sai harsashin gini da bango mai tabon albarushi. Jagora ya ce wannan ɓarnar yaƙin 1968 ce, lokacin da dakarun Arewa da na Biyetkon suka kame birnin a bikin sabuwar shekara, sojan Amurka da na Kudu suka shafe kusan wata guda suna luguden wuta kafin su ƙwato shi. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Bayan ƙura ta lafa an tono kaburburan gayya a kewayen birnin, aka sami gawa kimanin 2,800, galibi farar hula da aka kama a kwanakin da 'yan kwaminis ke riƙe da garin. Da na taɓo zancen, sai ya yi murmushi, ya dubi agogo, ya ce, "Maigida, jirgin ruwa na jiranmu."

Ban ga laifinsa ba. Mai neman abinci a ƙasar jam'iyya ɗaya ya san iyakar harshensa.

Jirgin ya kai mu haikalin Thien Mu, wanda aka kafa a 1601. Can aka ajiye tsohuwar mota Austin da ta kai malamin Buda, Thich Quang Duc, wurin da ya cinna wa kansa wuta a birnin Saigon a 1963, don ƙin zaluncin Shugaba Ngo Dinh Diem. Wannan labari kuwa jagora ya feɗe mana shi har wutsiya, domin azzalumin na wancan ɓangare ne.

Tun 1993 hukumar UNESCO ta sa gine-ginen Hue cikin kayan tarihin duniya, ana ta gyaransu ɗaki ɗaki. Madalla. To amma gyaran bango ya fi gyaran labari sauƙi. Duk wanda Allah Ya kai shi irin wannan ziyara, ya karanta tarihin gari tun kafin ya sauka, sa'an nan ya lura da inda jagora ya ƙara sauri.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.