Gyaran Gida: Ruwan Ƙasa Ko Tsanwa?

Gero ya shiga rumbu, lokacin aure da gyaran ɗaki ya zo. Wani magidanci daga Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa, ya kawo mana kukansa. Ya yi wa ɗakin amarya yaɓen siminti. Shi yana son fenti ruwan ƙasa mai haske, gwaggonnin amarya kuwa sun ce sai tsanwa shar, irin ta ƙofar masallaci. Kuɗin gwangwani ɗaya ke gare shi.

Tsanwa ba abar rainawa ba ce, tana cikin tutar ƙasarmu. Amma mu dubi ɗakunanmu na karkara: taga ɗaya ce, ƴar ƙarama, wani lokaci ma a toshe da tsumma. Bango mai haske yana maido da wajen kashi 7 cikin 10 na hasken da ya faɗa masa. Tsanwa mai duhu ko kashi 2 ba ta maidowa, sauran ta shanye. Ke nan fitilar da ke isar ɗan lakwal karatu a ɗaki mai haske ba za ta ishe shi ba a ɗaki tsanwa. Sannan mu mutanen kusa da Gulbin Maradi mun san sauro. Wurin duhu yake son maƙalewa, kuma a bango mai duhu ba ka ganinsa, balle kunama. Ƙurar hunturu ma ruwan ƙasa ce, a kan tsanwa take tona asirin mai ɗaki.

Akwai wata magana da ta fi waɗannan nauyi. Wasu fentin mai masu launi mai ƙarfi, tsanwa da rawaya da ja, da dalma ake haɗa su. In ya ɓamɓare yaro ya kai baki, dalma tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Tun 2009 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke yaƙi da irin wannan fenti. In kun je kasuwar Maradi, ku nemi gwangwanin da aka rubuta wa "sans plomb", wato babu dalma.

Ga shawararmu ga malam. Ya yi yadda ake yi wa lakwal da gidan likita: tsanwa daga ƙasa zuwa ƙugu, inda hannun yara ke kaiwa kuma ake iya gogewa da ruwa. Sama kuwa farar ƙasa ta isa, a ɗan zuba mata jar ƙasa. Ɗaki mai mita 4 da 3, lita 3 za ta yi masa shafi biyu har tsawon mita ɗaya. Gwaggonni sun samu tsanwarsu.

Sai dai ya bar siminti ya yi mako 4 tukuna, in ba haka ba fentin zai tashi. Wanda bangonsa na laka ne kada ya sa fentin mai sam, danshin damina zai kwaɓe shi.