Rikicin Call of Duty: Wa Ya Mallaki Abin da Ya Ƙirƙira?

A ranar 10 ga Nuwamba, 2009, aka saki wasan bidiyon nan mai suna Call of Duty: Modern Warfare 2. Cikin yini guda aka sayar da kimanin kwafi miliyan 4.7 a Arewacin Amurka da Birtaniya, cinikin da ya kai dala miliyan 310, kuma kafin ƙarshen Janairun 2010 ya haye dala biliyan ɗaya. Ba a cika wata huɗu ba, a ranar 1 ga Maris, 2010, kamfanin Activision ya kori mutum biyun da suka jagoranci aikin, wato Jason West da Vince Zampella, bisa zargin saɓa yarjejeniya da rashin biyayya. Duk wanda ya ji labarin a gurguje zai ce ai wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ma haka na ɗauka da farko. Amma da na bi diddigin al'amarin, sai na ga karin maganar ta kama rabin gaskiyar ne kawai.

A wannan sana'a akwai ɓangarori biyu. Akwai gidan ƙirƙira, inda masu zane da masu rubuta manhaja da masu tsara labari da sauti suke shafe shekaru suna gina wasa. Akwai kuma kamfanin wallafa, wanda yake zuba jari, ya yi talla, ya kai kaya kasuwa, sannan galibi shi yake riƙe da haƙƙin mallakar sunan wasan. Infinity Ward shi ne gidan ƙirƙirar da West da Zampella da abokinsu Grant Collier suka kafa a 2002, bayan sun bar kamfanin da suka yi wa Electronic Arts wasan Medal of Honor: Allied Assault a cikinsa. Activision ya ba su jari, ya karɓi kashi 30 cikin ɗari na gidan, sannan a Oktoban 2003, lokacin da Call of Duty na farko ya fito, ya saye ragowar. Tun daga ranar, waɗanda suka kafa gidan suka zama ma'aikata a cikinsa. A ganina a nan aka shuka rikicin, shekara bakwai kafin ya tsiro.

Mai jari yana son sabon Call of Duty kowace shekara, domin masu hannun jari lissafin shekara suke dubawa. Gida ɗaya kuwa ba zai iya gina irin wannan wasa cikin wata goma sha biyu ba. Sai Activision ya shigo da wani gidan nasa, Treyarch, aka koma karɓa-karɓa: Infinity Ward ya yi na 2005 da 2007 da 2009, Treyarch ya yi na 2006 da 2008. Ta fuskar kasuwanci dabara ce mai kyau. Ta fuskar mai ƙirƙira kuwa, sunan da ya raina tun yana jariri ne ake liƙa wa aikin da ba shi da ta cewa a kansa. Bayan gagarumar nasarar Modern Warfare na 2007, inda aka bar fagen Yaƙin Duniya na Biyu aka koma yaƙin zamani, West da Zampella suka sami ƙarfin ciniki. Bisa abin da suka gabatar a kotu, a 2008 sun ƙulla yarjejeniyar da ta ba su ikon yanke shawara a kan duk wani wasan Call of Duty da aka gina labarinsa bayan zamanin yaƙin Biyetnam, tare da kaso daga riba.

Ke nan Activision ya wayi gari yana da dukiya wadda ragamar wani sashenta take hannun ma'aikatansa biyu. Da aka kore su, sai suka kai ƙara suna neman aƙalla dala miliyan 36, suna cewa an ƙirƙiro laifin ne domin a hana su haƙƙinsu kafin lokacin biya. Activision ya mayar da martani da tasa ƙarar, yana zarginsu da ganawa a asirce da babban abokin hamayyarsa, Electronic Arts, wanda daga baya ya haɗa da shi a ƙarar yana neman diyyar dala miliyan 400. Ba a taɓa yanke hukunci ba. An yi sulhu a ƙarshen Mayun 2012, ana dab da fara shari'a, kuma ba a bayyana sharuɗɗan ba. Saboda haka duk wanda ya ce ya san mai gaskiya a batun ganawar sirrin, ra'ayinsa yake faɗa.

Ya kamata a yi wa mai jari adalci. Wasa irin wannan yana cin miliyoyin daloli kafin a sayar da kwafi ko ɗaya, kuma da ya faɗi, ba West ko Zampella ne za su biya asarar ba. Wanda ya ɗauki kasada yana da hujjar neman iko. Haka kuma babu wanda ya tilasta musu sayar da gidansu a 2003. Ban ga laifin Activision ba don ya ce sunan nasa ne.

Inda na ga laifinsa shi ne a kan ƙananan ma'aikata, waɗanda ba a cika ambatonsu ba idan ana ba da wannan labari. Mutum 38 daga cikin ma'aikatan Infinity Ward, na lokacin da waɗanda suka riga suka tafi, sun kai tasu ƙarar, suna cewa an riƙe musu ladan aikin da suka riga suka gama, domin a ɗaure su har sai sun kammala wasa na gaba. A Mayun 2012, shekara biyu bayan haka, Activision ya biya su dala miliyan 42 tun kafin a sasanta ƙarar. Kamfanin da ya ciro irin wannan kuɗi da kansa ya amsa cewa akwai bashi a wuyansa. Tambayar ita ce me ya sa sai da aka shekara biyu. Waɗannan mutane ba su ne ake zargi da ganawa da abokin hamayya ba, ba su sa hannu a yarjejeniyar 2008 ba. Ladan aikin da aka gama ba abin garkuwa ba ne, ko a shari'ance ko a al'adance, kuma babu wata rigima tsakanin manya da za ta halatta riƙe shi.

Abin da ya biyo baya bai yi wa kowane ɓangare daɗin kafa hujja ba. Ma'aikata fiye da arba'in sun fice daga Infinity Ward, har sai da aka kira gidan Sledgehammer Games ya taimaka aka kammala Modern Warfare 3 a 2011. Duk da haka wasan ya zarce na baya a cinikin ranar farko. Mai saye sunan da ke jikin kwali yake bi, da wuya ya san wanda ya yi aikin. West da Zampella kuwa sun kafa Respawn Entertainment a Afrilun 2010 da tallafin Electronic Arts, bisa sharaɗin cewa abin da suka ƙirƙira nasu ne, alamar cewa sun gane inda suka yi kuskure a karon farko. West ya bar gidan a 2013. Respawn ya fitar da Titanfall a 2014, amma a 2017 aka sayar da shi ga Electronic Arts, aka sake komawa ƙarƙashin mai jari. A ƙarshen 2021 aka ɗora wa Zampella jagorancin Battlefield, babban kishiyar wasan da ya kafa.

Mai karatu da ya san tarihin adabin kasuwar Kano ba zai ji wannan baƙon labari ba. Marubuci ya rubuta littafi, ya miƙa wa mai kuɗin buga shi da kai shi kasuwa, littafin ya karɓu, sannan a fara jayayya a kan wa ke da ikon sake bugawa ko mayar da shi fim. Bambancin shi ne a Kalifoniya an rubuta yarjejeniya, akwai lauyoyi, amma hakan bai hana rigima ba, sai dai ya ba wanda aka ƙwara abin da zai riƙe ya je kotu. Dala miliyan 42 ɗin nan ba ta fito ba sai bayan an shigar da ƙara.

A Oktoban 2023 Microsoft ya saye Activision Blizzard a kan kimanin dala biliyan 69, kuma Call of Duty ne ya fi ɗaukar hankalin hukumomin sa ido a Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai yayin da suke tantance cinikin. Ɗaya daga cikin damuwarsu ita ce ko za a hana masu na'urar PlayStation wasan. Wata uku bayan kammala cinikin, a Janairun 2024, Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashensa na wasanni, akasarinsu daga Activision Blizzard.