Fagen Ilimi: Akuya Da Turke Ma Malamai Ne

Sanin kowa ne cewa tun 1982, da aka soma raba sakandare gida biyu, lissafi yana cikin darussan da babu makawa ga yaran ƙaramar sakandare. Wani wurin da sukan yi tuntuɓe shi ne auna faɗin yankin da'ira, wato irin yankan gurasa daga tsakiya zuwa baki. Galibi akan rubuta musu ƙa'ida a allo su haddace, ran jarrabawa kuma ta gudu ta bar su.

Alhali kuwa malamin da ke Jos ba ya rasa abin misali. A Bukuru da kewaye, manoman rani suna shuka kabeji da karas a bakin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, ga kuma akuyoyi a ɗaure kusa da lambunan. Akuya mai igiyar mita 7 da aka kafa wa turke a fili, da'ira za ta ci. A ninka 7 da 7, sannan da 22 bisa 7, a sami murabba'in mita 154.

To, idan aka kafa turken a lungun shinge fa? Da'ira digiri 360 ce, lungu kuwa digiri 90, wato rubu'i. Rabon akuya ya koma 38 da rabi ke nan. Ƙa'idar duka ba ta wuce nan ba: a auna da'irar gaba ɗaya, a fitar da rabon kusurwa daga cikin 360. Da kusurwar digiri 60 ce, sai a ɗauki kashi ɗaya cikin shida.

Akwai ƙarin darasi. In mai akuya ya ƙara igiya ta kai mita 14, abin da za ta ci a lungun ya zama 154, ninki huɗu, ba biyu ba. Yaron da ya gane wannan ya san dalilin da ɗan ƙarin igiya kan kai akuya cikin kabejin maƙwabci, har magana ta je gaban mai unguwa.

Saboda haka muna kira ga malamai da su fitar da yara filin makaranta da igiya da turke, su zana da'ira a ƙasa, su raba ta da hannunsu, sannan a koma allo. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace, amin.