Idan yaro ya ƙi komawa gidan hutu

Bayan mutuwar aure, yara da yawa na zaman gida biyu: karatu wajen uwa, hutu gidan uba. Idan yaro ya dawo da shatar bulala, ko ya fara fitsarin kwance, ko ya riƙa kuka duk ranar komawa, dangi kan ce sharrin tsohuwar mata ne. Wannan hukuncin ya yi gaggawa.

A fara kai shi asibiti, likita ya rubuta abin da ya gani. Kada a cusa masa magana a baki. Sannan a nufi kotu. A mazhabar Malikiyya, riƙon amana sharaɗi ne ga mai renon yaro, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta sa maslahar yaro a gaba. Kafin alƙali ya yanke hukunci, a dakatar da kwana a gidan da ake zargi.