ZAƁEN DARUSSA A SAKANDARE: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

A kowace shekara, idan aka koma makaranta bayan dogon hutu, akwai wata rana wadda ba a buga mata ganga, ba a kuma yi mata sanarwa a gidan rediyo, amma kuwa a cikinta ake yanke wa dubban yaranmu hukunci a kan abin da za su zama nan gaba. Wannan rana ita ce wadda ake tara yaran da suka gama aji uku na ƙaramar sakandare, a ce wane ka tafi ajin Kimiyya, wane ajin Adabi, wance ajin Kasuwanci. Sha'anin ba ya cin sa'a guda. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 sai ya ɗauki jakarsa ya shiga ɗakin da aka nuna masa, ubansa yana can ofis ko kasuwa ko gona, bai san cewa a ranar an buɗe wa ɗansa wasu ƙofofi an kuma rufe masa wasu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wani maƙwabcina, ma'aikacin gwamnati, da ya zo mini da takardar sakamakon jarrabawar 'yarsa yana murna. Yarinyar ta yi ƙoƙari ƙwarai, ta ci darussanta da daraja. Burinta tun tana ƙarama ta zama ungozoma ta asibiti, gidansu kuwa kowa ya san haka. Sai da suka je neman shiga makarantar koyon aikin jinya aka gaya musu ana bukatar Fiziks da Kemistari da Bayoloji, ita kuwa Adabi ta karanta. Da aka bi diddigi, ashe ranar rabon aji an ce ajin Kimiyya ya cika, aka tura ta inda akwai sauran benci. Babu wanda ya nufe ta da mugunta. Rashin sani ne kurum, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu. Yanzu ko dai ta koma baya ta nemi darussa uku da ba ta taɓa karantawa ba, ko kuwa ta haƙura da burinta.

YADDA ƘOFOFIN SUKE

Ya kamata mu fara sanin yadda tsarin yake, domin da yawa daga cikin iyaye, har da masu ilmin zamani, sun yi karatu ne a wani zamani dabam. Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda aka fitar a 1977 ita ce ta kawo tsarin nan na 6-3-3-4, aka soma aiki da shi a 1982, watau shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. Hikimar tsarin ita ce shekaru ukun tsakiya su zama lokacin da za a gwada yaro da darussa iri-iri, na kai da na hannu, a ga inda ya fi kauri, sa'an nan a ɗora shi a kan hanyar da ta dace da shi.

A ƙarshen babbar sakandare yaro zai zauna jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Ana ba da daraja daga A1 zuwa F9, amma abin da manyan makarantu ke kira kiredit ya tsaya ne daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ci ne, amma ba ci ne mai kai mutum jami'a ba. Jami'a tana neman kiredit biyar, kuma ba kowane biyar ba, sai a darussan da suka shafi fannin da ake nema. Bayan wannan akwai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, inda ɗalibi ke ɗaukar darussa huɗu, Turanci dole, sauran ukun kuwa fannin da yake so ne ke ƙayyade su.

Mai son aikin likita sai da Fiziks da Kemistari da Bayoloji. Mai son aikin injiniya sai da Lissafi da Fiziks da Kemistari. Mai son aikin lauya ba ya rabuwa da Adabin Turanci a galibin jami'o'inmu. Mai son aikin akanta ko banki sai da Lissafi da ilmin Tattalin Arziki. Ke nan yaron da ya ajiye Fiziks a aji huɗu domin yana jin tsoron malamin, ya ajiye aikin likita da na injiniya da na haɗa magunguna baki ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba. Duk waɗannan sharuɗɗa suna rubuce a littafin jagora na hukumar JAMB, wanda kowa yana iya duba shi a intanet. Abin takaici, yawancin yara ba su buɗe shi sai suna aji shida, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa kiredit a Lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman fannonin Adabi a manyan makarantu, ko da yake har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya karanta shi ya kuma zauna jarrabawarsa. Ina jan kunnen 'yan makaranta kada su ɗauki wannan a kan izinin yin watsi da Lissafi. Yaron da ya ce yau lauya zai zama, gobe yana iya cewa Tattalin Arziki yake so, a can kuwa Lissafi yana tsaye a bakin ƙofa.

LAIFIN NA KOWA NE

Mu iyaye mu ne na farko. Akwai uban da bai san ana wani zaɓe ba sam. Akwai kuma wanda ya sani, amma ya riga ya yanke tun ranar suna cewa ɗansa likita ne. A wurin irin wannan uba ayyuka uku ne kawai a duniya: likita, injiniya, lauya. Ba ya duba takardar sakamakon yaron ta shekara uku, wadda ke nuna masa ƙarara cewa yaron nan kullum a ƙasa yake a Lissafi amma a sama yake a Turanci da Hausa da Tarihi. Abin da yake dubawa shi ne ɗan abokin aikinsa yana ajin Kimiyya, to, nasa ma ba za a bar shi a baya ba. Alhali kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sakamakon wannan gasa muna ganinsa: yaro ya yi shekara uku yana jan ƙafa, ya faɗi Kemistari, ya sake zama, ya sake faɗuwa, daga nan a soma neman hanyar da ba ta dace ba domin a sama masa takarda. Yaron da zai iya zama ƙwararren malamin harshe ko alƙali mai adalci, sai ya ƙare ba tsuntsu ba tarko.

Su ma 'yan makaranta suna da nasu. Wani abokinsa ya bi. Wani ya ji an ce ajin Adabi hutu ne, ba a wahala. Wannan kuwa kuskure ne babba, gama wanda zai ci Adabin Turanci sai ya karanta littattafai tun daga bango har bango, ya kuma iya rubuta jawabi mai ma'ana.

Sa'an nan makarantu. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a jera yara bisa maki, a kwashe na sama a zuba a Kimiyya, ragowar a raba wa Adabi da Kasuwanci. Da haka muka koya wa yara cewa ajin Adabi ajin waɗanda suka kāsa ne, muka manta cewa daga nan alƙalai da 'yan jarida da ma'aikatan mulki da malaman makaranta ke fitowa. Wata makarantar kuma tana da allo a ƙofar aji an rubuta Kimiyya, amma ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta da malamin Fiziks. Tsohuwar Jihar Kano da ta tashi samar da likitoci da injiniyoyi, ba allo ta rubuta ba. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta zaɓi yara ta hanyar jarrabawa, ta zuba malamai da kayan aiki. Amfanin wannan shuka har yau ana cinsa a asibitoci da ma'aikatun ƙasar nan.

HANYA BA ƊAYA BA CE

Wani abin da ya kamata a faɗa wa yara tun da wuri shi ne jami'a ba ita kaɗai ce hanya ba, kuma kowace hanya da tsawonta. Karatun likita shekara shida ne, ga shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ga ta bautar ƙasa. Na lauya shekara biyar ne, ga shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, wadda tana da reshe a Bagauda. Uban da ke da 'ya'ya takwas da albashi guda ya cancanci ya san wannan lissafi tun yaro yana aji uku, ba sai an yi nisa kuɗi ya yanke ba. A gefe guda akwai kwalejojin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna, inda ake samun difloma cikin shekara biyu, a yi aiki shekara guda, a komo a yi babbar difloma. Akwai kwalejojin horar da malamai masu ba da takardar NCE cikin shekara uku. Akwai makarantun jinya da na ungozoma da na kiwon lafiyar al'umma, waɗanda ƙauyukanmu ke matuƙar bukatar 'ya'yansu mata su shiga. Akwai kuma makarantun koyon sana'a, masu jarrabawar hukumar NABTEB wadda aka kafa a 1992.

Waɗannan na ƙarshe su muka fi rainawa, kuma rainin nan ya cuce mu. Tun 2011 aka wajabta wa kowane ɗalibin babbar sakandare ya ɗauki darasin sana'a guda, sabon tsarin da aka sanar a 2025 kuwa ya haɗa da haɗa wutar hasken rana, da gyaran kwamfuta da wayar hannu, da ɗinki, da kiwo, da aikin lambu. Amma sau nawa aka mai da darasin nan abin rubutu a allo kawai, a haddace a zuba a takarda? Kowa ya duba unguwarsu ya gani: mai haɗa wutar hasken rana da ya san aikinsa sai an bi layi ake samunsa, mai digiri kuwa yana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis.

Na san wani zai ce, yaro ɗan shekara 14 me ya sani da za a bar masa zaɓe? Gaskiya ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ba na kira a sakar wa yaro linzami. Amma hangen babba ba ya amfani sai in ya san abin da yake hange. Shawara ta gari ƙafa uku gare ta kamar murhu: abin da yaron yake iyawa, wanda malamansa suka fi kowa sani, abin da zuciyarsa ke so, wanda shi kaɗai zai faɗa in an tambaye shi cikin lumana, da abin da gida zai iya ɗauka, wanda iyaye suka sani. In aka cire ɗaya, tukunya ta kife.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Manufar Ilmi ta 1977 ta tanadi a sa jami'an ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Yau sama da shekara 40 ke nan, amma a makarantu da yawa ofishin nan suna ne kawai, an liƙa wa wani malami mai darussa cike da mako. Ina roƙon Ma'aikatun Ilmi na jihohi su ba kowace babbar makaranta malami guda wanda aka horar, a rage masa darussa, a ba shi ɗakin da yaro zai iya shiga ya yi magana ba tare da kunya ba.

Na biyu, kada a raba yara zuwa azuzuwa sai an kira taron iyaye da malamai a zangon ƙarshe na aji uku, a yi bayanin sharuɗɗan nan da harshen da iyaye ke ji, a ba kowane uba takarda guda mai nuna wane darasi ke kai wa ga wane aiki. Wannan ba ya bukatar kasafin miliyoyi.

Na uku, shugabannin makarantu su bar ƙofa a buɗe a zangon farko na aji huɗu, domin yaron da aka ga an yi kuskure a kansa a sauya masa aji tun icce yana ɗanye.

Na huɗu, ku ma'aikata, ku da kuke karanta wannan shafi a ofisoshinku, kowannenku akwai makarantar da ta yi shi. Me zai hana injiniya ko malamar asibiti ko akanta ya ba da sa'a biyu a shekara, ya koma tsohuwar makarantarsa ya gaya wa ƙannensa yadda aikinsa yake da hanyar da ya bi? Yaron ƙauye da bai taɓa ganin mai auna ƙasa ba, yaya zai yi sha'awar zama shi?

Ku kuma 'yan makaranta, matambayi ba ya ɓata. Kafin ka zauna a kan benci, tambayi inda bencin zai kai ka. 'Yar maƙwabcina ta yanke shawarar komawa ta karanta darussan nan uku, ubanta kuma ya ɗauki nauyin malamin da zai koya mata. Za ta yi hasarar shekara biyu a kan abin da tambaya guda za ta iya karewa. Ba kowane gida ke da halin yin haka ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, Ya kuma shirya mana zuriya, amin.